Takardar da Surukina Ya Ba Ni

A shekara ta biyu da aurena ina koyar da 'yan aji biyar a wata makarantar firamare a unguwar Agbalepedo. Kullum da safe nakan sha koko a tsaye, in tare zemijan, wato ɗan acaɓa, a bakin titi, in rungume jakar littattafai saboda yayyafi. Muna zaune a Zongo, ɗaki biyu cikin gidan haya mai mutane da yawa. Matata tela ce, kekenta yana baranda, ƙararsa ce take fara tarbata idan na dawo. A lokacin tana da cikin fari, wata shida. Gidan iyayenta bai wuce tafiyar minti goma daga namu ba, amma ni ban cika zuwa ba.

Kunyar mahaifinta nake ji, irin wadda aka tashe mu da ita. Tun da aka ɗaura aure ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ko ruwa ban sha ba. Idan na je gaisuwa, tun daga waje nake cire takalmi, in durƙusa a bakin zaure, in gaishe shi kaina a ƙasa, in tashi. Alhaji dardumai da huluna yake sayarwa a babbar kasuwa, sana'ar da ya gada daga kakansa da ya zo daga Arewa. Yana jin yaren Mina kamar ɗan gari, yana taɓa Turancin Gana, amma bai karanta Faransanci. 'Ya'yansa mata huɗu ne, namiji ɗaya, shi kuma yana Kumasi.

Abokaina sun mai da wannan kunya abin wasa. Bayan la'asar mukan zauna a gindin mangwaro muna shan shayin ataya, mu biyar ko shida. Wanda ya fi kowa tsokanata shi ne babban abokina, wanda ya yi mini abokin ango, yana aiki a wani famasi, kantin magani, a unguwar Jijole.

"Mushe," haka suke kirana saboda koyarwa, yadda yara ke kiran malami da Faransanci, "an ce jiya ka hango Alhaji ya ɓullo, ka shige lungun masu soya kifi."

"Ladabi ne, ba ku san shi ba."

"Ladabi har da tsunduma ƙafa a kwata? Ai matar da ke wanke-wanke a wurin ita ta ba ni labari."

Aka yi dariya, ni ma na yi. A raina ma alfahari nake yi, don na san a Zongo ana cewa yaron nan ya yi boko amma bai watsar da tarbiyya ba.

Wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Alhaji ya yafito ni da hannu. Na bi shi a baya har gida. Ya shiga zaure ya zauna a kan buzunsa, ya ce in shigo ciki, in ja ƙofa. Ban taɓa zama da shi mu biyu kaɗai ba. Ya sa hannu a aljihun babbar riga ya fito da ambulan mai ruwan ƙasa, an ninke shi biyu.

"Malam," ya ce, shi haka yake kirana. "Na je asibiti, sun yi gwaje-gwajensu. Likitar yarinya ce, sa'ar matarka. Ta yi ta magana, ni kuwa ban iya tsayawa in tambaye ta irin waɗannan abubuwa ba. Na ce ta rubuta, ina da mai karanta mini. Ba takardar da zan ba 'ya'ya mata ba ce. Duba ka gaya mini."

Na karɓa da hannu biyu. Shafi biyu ne, da Faransanci. Na karanta sau ɗaya, na koma farko. Ba duka kalmomin na sani ba, amma na gane isasshe. An ga ƙari a ƙasan mafitsara, kuma ba su yarda da kamanninsa ba. A ƙarshe likitar ta rubuta da hannunta cewa lallai ya je ya ga likitan tiyata ba tare da jinkiri ba, ta ja layi biyu a ƙarƙashi.

Don in faɗa masa wannan, sai na ambaci mafitsara da fitsari da abin da ke kusa da su, ga mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, uban matata. Ina jin fanka tana juyawa, ina jin ana daka a cikin gida.

"Sun ce akwai ɗan ciwon mara, Alhaji. A ci gaba da shan magani, sannan a koma su sake dubawa."

"Babu gaggawa ke nan?"

Na ninke takardar. Sannan na ce, "Babu, in sha Allahu."

"Alhamdu lillahi." Ya saki numfashi, ya karɓi takardar ya mayar aljihu. "Allah ya yi maka albarka. Ka ga amfanin karatu."

A hanyar gida na gaya wa kaina cewa ba ƙarya na yi ba, jinkirtawa na yi. Irin wannan magana ai ba daga bakin suruki take fitowa ba, ana neman babba ne ya kai ta. Na yanke cewa zan sami limamin unguwarmu, abokin Alhaji tun suna makarantar allo, in faɗa masa, shi kuma ya san yadda zai yi.

Matata ban faɗa mata ba. Ƙafafunta sun kumbura, ungozoma ta ce a guji tayar mata da hankali. Da ta tambaye ni me Baba ya kira ni ya ce, na ce wata takarda ce na karanta masa. Ta yi murmushi ta ce, "To, an fara sabawa." Ta ci gaba da taka keke.

Abokina na famasi shi kaɗai na faɗa wa, washegari, bayan sauran sun tashi. Na maimaita masa kalmomin kamar yadda na gan su. Ya ajiye kofin ataya. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Me ka ce masa?"

Na faɗa.

"Mushe, tashi mu je yanzu. Ni zan yi maganar, ni ba surukina ba ne."

"Ya ce mini kar 'ya'yansa ma su gani. In kai masa baƙo ya san na tona masa asiri?"

"To ka je kai kaɗai. Ka kalli bango ka faɗa, ba sai ka kalle shi ba."

"Zan bi ta wajen liman."

"Yaushe?"

"Cikin satin nan."

Na je gidan liman ranar Lahadi, wannan gaskiya ne. Na tarar ana suna, zaure cike da mutane. Na gaisa, na ci goro, na fito. Na ce sai wani satin. Wani satin aka fara jarrabawar ƙarshen shekara, ina dawowa da tarin takardun yara, ina gyarawa har magariba. Ruwan sama ya tsananta, hanyar Agbalepedo ta cika, wata rana sai na naɗe wando na ratsa. Kowace rana tana da nata dalilin. Abokina ya tambaye ni sau biyu, na biyun na ce masa an yi magana. Ya yarda da ni.

Abin da ya ƙara kwantar mini da hankali shi ne Alhaji yana nan a kan ƙafafunsa. Yana zuwa kasuwa, yana sahun farko a masallaci. Na ji an ce wani mai maganin gargajiya daga Be-Kpota yana kawo masa jiƙo, kuma yana jin daɗinsa. Na fara cewa wataƙila likitar ce ta cika tsoro.

Cikin hutu matata ta haihu, namiji. Ta tafi gidansu wankan jego kamar yadda ake yi. Ranar suna Alhaji da kansa ya yi wa yaron huɗuba, ya daɗe yana riƙe da shi. A kwanakin arba'in ɗin nan nakan je da yamma in tsaya a zaure, a fito mini da jaririn in gani. A nan na lura babbar rigar Alhaji ta yi masa yawa, kuma yakan tashi ya shiga ciki sau biyu kafin in gama gaisuwa. Wata rana na tattara ƙarfina.

"Alhaji, maganar takardar nan ta asibiti."

"Ai ka riga ka faɗa mini, Malam. Na ma ji sauƙi. In kasuwa ta lafa zan koma musu."

Ƙofa ce ya buɗe mini, kalma biyar ta isa. Na ce, "Allah ya ƙara sauƙi." Na sa takalmina a waje na tafi.

Bayan an koma makaranta da wata biyu, ina cikin aji ina rubutu a allo, wayata ta yi ƙara. Alhaji ne ya faɗi a rumfarsa, 'yan kasuwa sun kai shi asibiti. Wani likita ne daban, dattijo. Da ɗan Alhaji ya iso daga Kumasi, ni na tsaya ina fassara tsakaninsu, kuma a ranar na faɗi duk kalmomin da na kasa faɗa a zaure, a gaban ɗan'uwan matata da ma'aikatan jinya. Ciwon ya bazu har ƙashi. Likitan ya tambaya me ya sa ba a zo da wuri ba. Wannan tambayar ban fassara ta ba.

Alhaji ya yi kwana goma sha tara a asibiti. Mun binne shi ranar Talata bayan azahar.

Wajen zaman makoki kowa yana cewa kwana ne ya ƙare, kuma na yi imani da haka. Ban san ko da an tafi da wuri zai tashi ba. Abokina, da ya gane ban taɓa kai maganar ba, ya ce shi ma bai sani ba, wani yana tashi, wani ba ya tashi. Bai zage ni ba. Ya daina tsokanata dai, har yau.

Ranar sadakar uku na shiga cikin gida yi wa surukata ta'aziyya. Tana zaune a tabarma cikin mayafin takaba. Ta ce, "Ya yarda da kai ƙwarai. Na yi ta fama da shi ya koma asibiti, ya ce Malam ya duba takarda, ya ce babu gaggawa. Likitocin nan ba sa rubuta gaskiya." Na ce Allah ya jiƙansa. Ta ce amin.

Sai bayan arba'in na faɗa wa matata. Da hantsi ne, ranar Asabar, tana baranda tana yanka wani yadi, yaron yana goye a bayanta. Na zauna a kan turmi na faɗa mata komai, daga zaure har layi biyun da likitar ta ja. Ba ta daina yankan ba sai da ta kai ƙarshen yadin. Ta ajiye almakashi.

"Da ni ka faɗa wa," ta ce. "Ni ma ba zan iya faɗa wa Baba ba. Amma zan faɗa wa Mma, ita kuwa ta iya."

Na ce ta yafe mini.

"Ba ni ce mai yafewar ba." Ta gyara goyon. Can ta ce, "Kar Mma ta ji. Ta bar shi a kan likitoci."

Shekara huɗu ke nan. Muna tare, mun ƙara 'ya mace, ina nan a makarantar, yanzu aji shida nake riƙe da shi. Ba ta sake tayar da maganar ba, ko cikin faɗa. Surukata tana fama da hawan jini, duk wata sai an kai ta asibiti. Matata ce take rufe kekenta ta raka ta, ko da ranar ba ni da aji. Ita take karanta takardun asibitin, ga shi Faransancinta na 'yar firamare ne, tana bin layi da yatsa, wani lokaci ina jinta daga ɗaki tana haɗa kalma a hankali. Idan ta kasa, takan ɗauki mayafi ta tafi famasin bakin titi ta tambaya.