Abin da Ya Rage a Fudin ɗin Kawu Kuku

Duk wanda ya ci abinci a gidanmu na unguwar Jurf a Madina lokacin Kawu Kuku yana raye ya san wannan tsayuwar tasa. Ka kai loma baki, sai ka ji numfashin mutum a bayan kunnenka. Ka waiga, ga shi tsaye da farin tawul a kafaɗa, ya ƙura wa bakinka ido kamar mai cire haƙori. Kafin ka haɗiye ya jefo tambaya: "Ya ka ji shi?" In ka ce da daɗi, ya ce ai ba daɗi ya tambaye ka ba. In ka ce babu daɗi, ya ce shinkafa ta kashe maka harshe. In kuwa ka yi shiru, to ka jawo wa kanka, don har bakin ƙofa zai biyo ka kana neman takalminka yana tambaya.

Saboda yaran da suka taso bayansa, bari in faɗi ko wane ne. Yayan mahaifiyata ne, sunansa na yanka Ɗanjuma. Da ƙafa suka baro ƙasar Kano shi da kakarmu, Inna tana goye, guzuri ya ƙare musu a Bur Sudan. A nan ya samu aiki gidan wani Baturen Ingila mai kula da jiragen ruwa. Da wanke-wanke ya fara, ya ƙare shi ne kuku. Da Allah ya ƙetaro da su Madina sai ya zo da girkin Turawa cike da kansa, da kuma wata damuwa guda da ta bi shi har tsufa.

Cikin duk abin da ya koya, wanda ya fi ji da shi shi ne fudin ɗin babbar sallar Turawan. Garin busasshen burodi ne ake kwaɓawa da kitse da ƙwai da zabibi da kanumfari da kirfa, a ƙulle a ƙyalle, a jefa cikin tafasasshen ruwa tun hantsi har la'asar. Inna takan ce alale ne dai na mutanen da ba su da wake. To amma matar Baturen, wadda Kawu yake kira Misis, giya take tsiyayawa a cikin kwaɓin, in ya dahu ta ƙara a samansa ta kunna masa wuta. Don haka duk shekarun da ya yi yana dafa musu, Kawu bai taɓa kai shi baki ba. Yakan ce hannunsa ya kwaɓa, hancinsa ya shaƙa, harshensa ne kaɗai bai yi shaida ba. A Madina yana yin nasa na halal, yana ci, muna ci, amma bai san ko shi ne ba. Wannan ce tambayar da ta hana shi sakat, kuma kowane biki sai ya gwada wani abu a gurbin giyar. Yau ruwan tsamiya, gobe zoborodo, wata ran baƙin shayi da ruwan rumman. Mu ne dai muka sha gwajin.

Da kuɗin fetur suka shigo, gidaje suka fara sayen murhun gas mai furun, wato tanderun gashi, biki ya yawaita, sai Kawu ya ga zamaninsa ya zo. Ba a gayyatarsa girki. Labarin azuma, wato gayyar cin abinci, kawai zai ji, ko suna ko aure, ana gobe sai ga shi da tukunyarsa a ka. Kafin nan kuma ya gama zagaye unguwa da buhu yana karɓar ragowar gurasar tamis da ta kwana. Ni kunya take kama ni, na taɓa ce masa mutane za su ɗauka yunwa muke ji. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ta-Madina, Bature mai jirgin ruwa bai zubar da burodi ba, sai ke mai takalmin roba?"

Ranar walimar saukar yayana ya tsara abinsa irin na gidan Misis: romo a fara, sannan gasasshen nama da dankali, zaƙi a ƙarshe. Ina! Mutanenmu wa ya san wannan? Samari suka kwashe komai suka jere kan sufra, shimfiɗar cin abinci, lokaci guda. Maƙwabcinmu Malam Isufu Badamagare, Allah ya ji ƙansa, ya hango kwanon kastad rawaya shar, ya jawo ya malala a kan shinkafa bukhari, ya barbaɗa barkono ya cuɗa da hannu. Muka ce yau Kawu zai haɗiyi zuciya. Sai muka ga ya durƙusa gaban Malam, ido buɗe, yana tambayar yadda ya ji. Malam ya gama taunawa a tsanake ya ce, "Miyar tana da kirki. Gishiri ne dai ya yi mata ƙaranci." Wallahi sai da Kawu ya ɗebi loma daga gefen Malam ya ɗanɗana, ya yi ta jujjuya ta a baki, wai ko akwai abin da Turawan ba su gano ba.

Maganar ƙyalle kuwa, Baba ya fi kowa saninta. Fudin yana son farin yadi mai laushi wanda saƙarsa ta matse, kuma a duk gidan babu wanda ya kai sabuwar guturar Baba, mayafin kan nan na maza, wadda ya ajiye don ɗaurin auren yayata. Da safe Baba ya birkice akwati, ya leƙa igiyar shanya, har ya fara zargin wanki. Daga ƙarshe ya tsaya bakin kicin.

"Ya Ɗanjuma, ka ga guturata?"

"Tana tukunya. Sai la'asar."

Baba mutum ne mai kunyar surukai, sai ya ɗaura tsohuwa ya fita. An wanke guturar nan har hannuna ya yi ja, amma kitsen jelar rago ya riga ya kama ta. Duk ranar da ya sa ta, magunan unguwa sai sun raka shi masallaci.

Sai wutar. Kawu ya dage cewa fudin ba ya shiga gaban baƙi sai yana ci da wuta. Ya gwada turaren kwalba a saman soro, ya sauko babu gira ɗaya. Ranar walimar aurena ya ce ya samo dabara. Ya nutsa finjalin gahawa a tsakiyar fudin ɗin, ya sa garwashi a ciki, ya ɗora ƙwayar turaren luban, ya ɗauko faranti ya shiga ɗakin maza yana tafiyar ƙasaita, hayaƙi na tashi. Abin da ya manta, a garin nan in turaren wuta ya zagayo, an sallami baƙi ke nan. Dattijon farko ya miƙo gemu ya turara, ya jawo hayaƙin cikin guturarsa, ya tura wa na gefe. Farantin ya zagaye ɗaki tsaf, kowa ya yi addu'ar Allah ya ba da zaman lafiya, aka miƙe ana neman takalma. Kawu ya fito da abinsa ko yanka ɗaya ba a yi ba, ya dire gaban Inna ya ce, "Halas, shi ke nan. Yau da gemu suka ci."

Daga nan ya yanke shawarar cewa tambayarmu ɓata baki ne. Baturen Ingila yake bukata, kuma tunda garin nan sai Musulmi, to Baturen Ingila Musulmi. Ya koma zama a Uhudu, rumfar wani abokinsa mai sayar da dabino, yana kallon masu ziyara. Duk jan mutumin da ya gani sai ya tare shi da ragowar Turancinsa: "Gud moni, sa." Ya taɓa kawo mana wani Baturke, ya cinye tas ya nemi ƙari, sai a wajen sallama aka gane bai san ko ina Ingila ta dosa ba. Ya kawo wani Bashame, shi kuma ya yi ta ba shi shawarar ya tsoma abin cikin zuma. Mun yi masa dariya har mun gaji. Ni dai daga baya dariyar ta daina yi mini daɗi, don na lura duk ranar da baƙon ya tashi ba ɗan Ingila ba, Kawu ba ya cin abincin dare.

Lokacin da na haifi ɗana na fari tsufa ya riga ya kama shi. Ƙafafu sun kumbura, likita ya hana shi doguwar tsayuwa. Inna ta ce masa fudin ɗin sunan nan shi ne na ƙarshe, ba ta son jin musu. Abin mamaki bai musa ba, kuma wannan ya fi komai tsorata ni. Ana cikin shirin suna sai ga shi ya dawo daga Uhudu yana jan sanda da sauri kamar yaro. Ya samu. Dogon saurayi ne mai jan gemu, ya musulunta a can garinsu, yana karatu a jami'a, ana ce masa Abdulhakim. Da Kawu ya gaishe shi wai ya ɓarke da Turanci kamar an kunna rediyo, Kawu bai tsinci ko ɗaya ba, dole suka koma Larabci, shi na kasuwa, baƙon na littafi.

Hankalina ya tashi. In yaron nan ya ce ba shi ba ne, tsohon nan da wannan zai shiga kabari. Na tura maigidana ya same shi a asirce ya roƙe shi, ko mene ne ya ji a baki ya ce shi ne. Maigida ya dawo yana sosa ƙeya. Wai Baturen ya ce bai baro iyayensa ya zo garin Manzon Allah don ya yi ƙarya a kan fudin ba. Na ji haushinsa ƙwarai ranar, har na ce a rage masa nama.

Ranar suna ina ɗakin jego, labule ne kawai tsakanina da ɗakin maza, na matsa jikinsa da jariri a hannu. Wannan karon babu garwashi, babu tsamiya, babu zoborodo. Dabinon Madina kawai Kawu ya ƙara. Na ji ƙarar cokali a faranti, ɗakin ya yi tsit, har Malam Isufu ya daina tari.

Baƙon ya ajiye cokali. Ya ce kakarsa ce mai yin wannan a gidansu, ita ma a ƙyalle take ƙullewa, rabonsa da shi tun rasuwarta. Ya ce har fatar nan da ƙyalle yake bari a jikinsa ga ta nan. Kawu bai bar shi ya zille ba.

"Ya waladi, ɗana, ba tarihi na tambaye ka ba. Shi ne ko ba shi ba ne?"

"Ba shi ba ne, ya ammi, kawuna. Saura abu ɗaya."

Na rufe ido. Na ɗauka zan ji faɗuwar sanda. Sai na ji muryar Kawu ta matso kusa, irin muryarsa ta lokacin da ya ga sabon abu a kasuwa. Yana tambaya wane iri ne a baki, ɗaci ne ko yaji, a bakin harshe yake tsayawa ko can ciki. Baƙon ya yi ta laluben kalmomi a Larabcinsa. Ya ce wani ɗumi ne, yana zuwa bayan zaƙi ya wuce, ya gangara maƙogwaro ya zauna a ƙirji. Ya ce kada Kawu ya ƙara wahalar da kansa, babu tsamiyar da za ta tsaya a gurbinsa.

"Kai ka sha shi ke nan."

"Na sha. Na bar shi."

"Sauran fa? Kitsen, kanumfarin, nauyinsa a cokali?"

"Sauran duk daidai, ya ammi. Ko kakata sai haka."

Maigidana ya ce mini daga baya Kawu kai kawai yake gyaɗawa, yana duban farantin. Ni abin da na ji ta bayan labule, da Hausa ya faɗe shi, ba da baƙon yake ba.

"To alhamdu lillahi. Ashe ban manta komai ba. Wanda babu, da sanina na bar shi."

Bai ƙara minti ba ya hau samari da faɗa wai sun bar kastad yana hucewa, a miƙa wa Malam Isufu amma a janye shinkafa daga gabansa tukun. Ɗaki ya kwashe da dariya, ni kuwa hawaye nake sharewa da zanin goyo.

Kafin ɗana ya fara tafiya Kawu ya rasu, aka kai shi Baƙi'a. Allah ya ji ƙanka, Kawu Ɗanjuma, ya yafe maka kurakuranka, ya saka maka da ciyar da mu da ka yi ko ba mu roƙa ba. Abin da ka hana harshenka domin Shi, Allah ya shayar da kai wanda ya fi shi a Aljanna, tsarkakakke, har ka ƙoshi. Amin.