Keken da Ya Gagari Mai Faci

Shekara arba'in da ɗaya ya yi a rumfa ɗaya, a jikin katangar makarantar firamare, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa amsa sunan Mai Faci da daɗin rai ba. A wurinsa faci aikin kowa ne: ka tsoma roba a kwanon ruwa, ka ga inda take kumfa, ka liƙe. Shi gyaran keke yake yi. Amma mutanen unguwa ba su da lokacin wannan dogon bayani, sunan ya bi shi har jikokinsa suka tashi da shi a baki.

Rumfar ba ta da girma. Benci ɗaya ne, da kwanon ruwan, da sifanu jere a kan ƙusoshi daga babba zuwa ƙarami, sai tsibin tsofaffin ƙarafa a baya wanda ya hana kowa taɓawa. Mutum ne marar hayaniya, sai dai yana da ciwo guda: idonsa ba ya iya ganin karkataccen abu ya ƙyale. In ya je gidan mutane aka ba shi shayi da lanƙwasasshen cokali, kafin shayin ya huce ya miƙe cokalin. Matarsa ta daina zuwa dubiya da shi tun ranar da ta waiga ta gan shi durƙushe yana ɗaure ƙafar gadon asibiti, marar lafiyan na kwance a kai yana kallonsa.

Kekensa baƙi ne, ya girmi Auta, 'yarsu ta ƙarshe. A kansa ya kai yara shida makaranta, a kansa ya ɗauko katifar farko da suka saya. Tafiya yake a hankali, a gefen hanya, in zai sha kwana sai ya miƙa hannu tun daga nesa kamar mai tsayar da jirgi. Bai tara dukiya ba, bai kuma yi suna ba, amma yana da magana guda da yake faɗa yana ɗaga haɓa: tunda ya fara hawa keke bai taɓa faɗuwa ba.

Wata Talata da safe, yana hanyar rumfa, farar motar rarraba kaya ta ɗebe shi ta baya. Bai ji ƙara ba, bai ga komai ba. Ya farka ne a asibiti, ƙugu a tsage, hannun dama a karye wuri biyu. Maƙwabta suka kinkimo keken suka jingine a barandar gida, ƙafar baya ta naɗe kamar tabarma.

Bayan sati uku aka sallame shi. A ranar ne Auta, wadda ke aiki a kantin magani, ta karanta masa rahoton haɗarin. Da yake a sume aka ɗauke shi, direban kaɗai aka tambaya, shi kuwa ya ce tsohon ne ya yi tangal-tangal ya faɗo jikin motar, tayar motar ta baya ta bi ta kan keken.

"Sake karanta wurin nan," in ji Mai Faci.

"Ya yi tangal-tangal, Baba."

Ya juya fuska bango. Karayar ba ta sa shi hawaye ba, amma wannan kalma ta sa. Ranar ko ruwa da ƙyar matarsa ta samu ya sha.

Auta ce ta nemo lauya, wata doguwar mace mai saurin magana, wadda ashe tana yarinya shi yake ɗaure mata sarƙar keke a ƙofar makaranta. Ta zauna a kujerar roba a baranda ta yi masa bayani dalla-dalla. Mai keke, in ji ta, yana da haƙƙi a kan titi kamar mai mota. In aka tabbatar direban ne da laifi, kamfanin inshorar motar zai ɗauki nauyin asibiti, da watannin da rumfa ta yi a rufe, da abin da hannun zai rasa nan gaba. A adana kowace takardar asibiti. Kowa ya zo da takarda, ko da murmushi ya zo, kada a sa hannu.

"'Yata, ni duk wannan bai dame ni ba," ya ce. "Za a goge kalmar nan?"

"Za a goge, Baba, in muka kawo shaida. Babu wanda ya tsaya ya ce ya gani, don haka shaidarka guda ce, ga ta can a jingine." Ta nuna keken. "Kamfanin zai turo mai bincikensa ya duba shi da idonsa, hoto bai ishe su ba. Kafin ya zo, don Allah kada ka taɓa shi."

Ya ce to. Har ga Allah da gaske yake a lokacin.

Sai dai kamfani ba ya sauri. Sati ya wuce, biyu suka wuce, Mai Faci na zaune a baranda da sanda a gefe, keken na gabansa. Duk inda ya kai idonsa sai ya dawo kan naɗaɗɗiyar ƙafar nan. Ya sa aka juya masa kujera, wuyansa ya ƙi juyuwa tare da ita. Ana cire masa filasta, washegari matarsa ta fito daga kicin ta same shi da tsumma a hannu.

"Malam, ba an ce kar ka taɓa ba?"

"Wa ya taɓa? Ƙura nake gogewa."

Daga ƙura aka koma sarƙa, wai tsatsa za ta ci ta. Daga sarƙa aka koma madigadi, marfin nan da ke tare taɓo a saman taya. Matar ta yi magana sau ɗaya, ta yi sau biyu, sannan ta ja bakinta, don tun da aka dawo da shi daga asibiti sai yanzu ta ga yana cin abinci yana neman ƙari.

Abin da ya ƙarasa lalata zancen shi ne wayar da lauya ta yi, cewa mai binciken zai zo ranar Litinin mai zuwa. Kowa a gidan ya ji ana zancen shaida, Mai Faci shi baƙo ya ji. Baƙo zai zo takanas, mutumin da ya san ƙarfe, ya duba keken mai gyaran keke, ya same shi a wannan hali? Ai sai ya ce lallai irin mutumin nan zai yi tangal-tangal. A tunaninsa, wanda ya ga yadda yake riƙon keke ba zai ƙara yarda da maganar direba ba. Auta na fita aiki da safe yake farawa, kafin ta dawo ya lulluɓe keken da tsohon zanen gado. Ya aika aka kwaso masa kaya daga rumfa. Ya sauya ƙafar baya, ya sauya kariya, wato mazaunin kaya na baya, ya kankare farin fentin motar da ya manne a jiki, ya shafa baƙi sabo.

Ranar Litinin da hantsi suka iso, lauya da mai binciken, wani gajeren mutum mai tabarau da tef ɗin awo a aljihu. Auta ta ɗauki hutun rabin yini. Aka gaisa, aka zauna, Mai Faci ya dogara sanda ya yaye zanen da kansa.

Keken ya fito yana walƙiya kamar yau aka ciro shi daga kwali.

Lauya ta dafe kai. Auta ta dubi keken, ta dubi mahaifinta, ta ce:

"Baba, me ka yi? Wata biyu ina yawon ofis-ofis!"

"Gyara na yi," ya ce, amma muryar ba ta fito yadda ya shirya ta ba.

Mai binciken ba mugu ba ne. Ya zagaya keken, ya buga ƙararrawa, ya ce aiki ya yi kyau, sannan ya ce shi kam babu abin da zai rubuta. Auta ta nuna masa hotunan da ta ɗauka a waya. Ya ce ya gani, ƙafa ta naɗe, amma ko ta baya aka buga, ko taya ce ta taka bayan an faɗi, duk haka za ta naɗe. Mai Faci ya sa aka kawo tsohuwar ƙafar da ya cire. Mutumin ya juya ta ya yi murmushi.

"Baba, an ce min irin wannan kana da tsibi guda a bayan rumfa. Ta yaya zan san ta wannan keken ce?"

Gaskiya ya faɗa, kuma Mai Faci ya san gaskiya ce. Sai a lokacin abin ya sauka masa: da hannunsa ya goge shaidarsa, ya bar kalmar direba a tsaye. Mutumin ya fara mayar da biro aljihu.

Matarsa ce ta yi magana daga bakin ƙofar kicin, ita da ba ta saba sa baki in da baƙi ba.

"Malam, ka nuna masa wurin da ya gagare ka."

Ya harare ta. Ko gezau ba ta yi ba. Kwana huɗu tana jin guduma tana bugawa tana tsayawa, ta leƙo ta gan shi zaune da ita a cinya yana murza hannun daman nan da ya ƙi ba shi ƙarfi. Ta san dalilin da ya sa ya jingine keken ta gefe ɗaya, ya kuma rataya jaka a kan kariya.

Ya dubi keken. Shekara arba'in da ɗaya babu keken da ya bar hannunsa da saura, yanzu ana so ya faɗa da bakinsa, gaban baƙo, gaban 'yarsa, cewa nasa na kansa ya fi ƙarfinsa. Kunya ta kama shi har kunnuwansa suka yi zafi. Ya dubi biron da ke shiga aljihu.

"Kawo ruwa a buta," ya ce wa matar. "Zuba a nan."

Ta jiƙa simintin. Ya ce Auta ta tura keken a miƙe, ta cikin ruwan zuwa busasshen wuri. Ta tura. Sawu biyu suka fito a ƙasa, na baya ya bar na gaba da kusan yatsa biyu.

"Keke mai lafiya sawu ɗaya yake bari," in ji Mai Faci. Ya cire jakar, ya kama hannun mai binciken ya ɗora a kan ƙarafa biyun da ke riƙe da ƙafar baya. "Shafa, yallaɓai. Kar ka bi fenti, fenti nawa ne. Ka ji ƙullin nan? Shafa ɗayan. Wuri ɗaya suka durƙusa, kuma gaba suka yi, ba gefe ba. Abin da taya ta taka kwanciya yake yi. Wannan tura shi aka yi daga baya, yana tsaye a kan ƙafafunsa, ina kai. Yanzu dubi gaba, fentin da aka ƙero shi da shi ne tun na asali, ko ƙwarzane babu. Wanda ya faɗa jikin mota da gaba yake faɗawa." Ya saki hannun mutumin. "Na yi iya yina in miƙe su. Hannun ne babu."

Mai binciken ya ciro tef ya durƙusa. Ya auna dama, ya auna hagu, ya sake aunawa, ya ɗauki hoton ƙullin da na sawun kafin ya bushe. Bai ce ya yarda ba, irinsu ba sa faɗa, amma biron ya fito, kuma ya cika shafi biyu. Da za su tafi lauya ta tsaya a ƙofa ta ce, "Baba, da hannun nan ya warke sarai, da mun shiga uku." Ta yi dariya, shi bai yi ba.

Wata huɗu aka ƙara ana kai da kawowa. Sauya kayan da ya yi ya ba kamfanin abin kamawa, suka rage wani abu daga diyyar, lauya ta yi ta faɗa, shi ko a jikinsa. Ranar da takarda ta zo Auta ta karanta masa a baranda: bincike ya nuna an bugi keken ne daga baya yana tafiya a gefen hanya, laifin na direba ne.

"Sake karanta wurin nan."

Ta sake. Ya sa ta karanta sau uku, sannan ya karɓi takardar ya ninke ta daidai, kusurwa a kan kusurwa, ya sa a aljihun gaba.

Ya koma rumfa, amma da ƙafa yake zuwa yanzu, da sanda, don likita ya ce ƙugun ba zai ƙara ɗaukar sirdi ba. Manyan ayyuka yakan tura wa mai gyaran da ke bakin kasuwa. Abin da hannun ke iyawa shi ne ya tsoma roba a ruwa, ya nemi kumfa, ya liƙe. In an kira Mai Faci yanzu yakan amsa tun kiran farko.

Lauya ta aiko cewa magana ta ƙare, yana iya kai keken a miƙe masa ƙarafan. Auta ta ce ita za ta kai. Ya ce a bar shi. Yana nan a baranda, yana walƙiya, ƙafar baya ta ɗan kauce, shi ne abu ɗaya karkatacce a duk gidan. Matarsa ta lura, ba ta dai faɗa wa kowa ba, cewa kullum da safe in zai wuce ta gabansa sai ya cusa hannun daman a aljihu.