Kakan Tela Ya Ƙi Tsawo

A shekarun da nake aikin sito a Madinar Masana'antu ta Jidda ina da aboki tela a unguwar Ammariyya. Shi wada ne, hularsa ba ta wuce aljihun rigata ba. Ni kuwa an zuba mini tsawo kamar ba za a bar wa na baya komai ba. In muka jera a unguwar Balad har masu taksi sai sun rage gudu.

Kakansa wadan sarki ne a wata fada can gida. Abin da ya rage na tsohon shi ne hoto guda da wani Bature ya ɗauka: sarki a tsakiya, dogarai kewaye, kakan can a gefe, rabin kafaɗarsa ma a waje. Babbar 'yar tela, haifaffiyar Jidda, ta ɗauko tsayin ubanta, ta kuma fara ƙin fita taron biki. Shi ne ya ce a zana masa kakan shi kaɗai a babban allo, yarinya ta ga daga inda ta fito. Ni da bakina na ce na san mai zane.

Mai zanen dattijo ne mai kirki, kuma kirkin nan ne ya wahalar da mu. Bayan mako biyu ya yaye ƙyalle, sai ga wani zabgege da alkyabba, kansa na neman fanka.

Tela ya ce, "Wane ne wannan?"

"Kakanka, ya akhi. Na ɗan gyara shi, kyauta daga gare ni."

"Ɗan gyara? Malam, wannan ai ya haɗiye dogarai biyu."

Karo na biyu ya zaunar da shi a kujera, ya lulluɓe ƙafafun da riga don kada a gane. Na uku ya ɗora shi a kan doki. Hawa huɗu ne benen da dattijon yake, na zubar da gumin da zai cika tankin gida. A matakala na ce, "Alhaji, karɓi abinka, halas, magana ta ƙare. Wa zai je ya auna mamaci?"

Ya ce, "Yarinyar za ta auna."

Muka koma. Ya zare tef daga wuyansa, ya auna kansa a gaban dattijo, hannu, kafaɗa, ƙafa, ya rubuta a takarda yadda yake wa masu kawo ɗinki.

Dattijo ya ce, "Haram, za a yi masa dariya."

"An yi masa tun yana raye, a gaban sarki ma, bai sunkuyar da kai ba. Yalla, zana."

Kakan ya fito a allon a tsaye, hannu a ƙugu, yana kallon mutum ido cikin ido. Ranar kafawa a falon tela na ɗaga guduma daidai goshina, sai yarinyar ta karɓe ƙusar, ta ce da 'yar Hausarta, "Baffa dogo, ƙasa. Nan." Ta dafa bango daidai idonta.

Can aka kafa shi. Duk baƙon da ya shiga falon sai ya rusuna kafin ya ga fuskar tsohon, ni kuwa sai na kai gwiwa ƙasa.