Ɗan Fari a Kan Benci

A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari. Haka na tarar ubana yana yi wa yayana, haka ni ma na yi wa nawa. Ba ka yabonsa a gaban mutane, in wani ya yabe shi ka kau da kai ka kawo wata magana. Da aka yaye nawa, yayana ya zo ya ɗauke shi zuwa Kwargaba, can ya girma tsakanin gero da shanu. Bai dawo hannuna a Wurno ba sai da zai shiga sakandare, lokacin har ya kere ni tsawo. In zan yi zancensa da uwarsa sai in ce "wancan", ita kuma ta ce "ɗan Baffa".

Ni tela ne. Shagona yana fuskantar katangar makaranta, a bayan katangar kuwa akwai wani tsohon filin siminti da aka daɗe ana shanya shinkafa a kansa. Wani ɗan bautar ƙasa ne ya share shi, ya sa maƙeri ya lanƙwasa zobba biyu aka kafa a jikin allo. Da ya gama shekararsa ya bar wa malamin motsa jiki, wanda kowa ke ce wa koci. Da farko dariya muke yi, ƙattai suna rububin jefa ƙwallo a zoben da ba shi da gindi. Sannu a hankali bencin ƙofar shagona ya koma majalisar 'yan kallo. Da yake ni na ɗinka wa yaran riguna, kuma na girmi sauran, aka ce ni ne uban ƙungiya.

Yaron nawa shi ne gwaninsu. Yanzu ina iya rubuta wannan, a lokacin ko a zuci ba na barin kaina in faɗa. In ya tashi sama sai ka ce ya manta da saukowa, kuma yana jefawa daga nesa ƙwallo ta faɗa ba ta taɓa ƙarfe ba. Amma zuciya gare shi. In aka busa masa usur sai ya tsaya gardama. In abokin wasa ya ɓarar da ƙwallo, ya bi shi da faɗa har ƙarshen fili.

A Rabah abin ya ɓaci. Mun je wasa can cikin a-kori-kura, rana tana dukan ƙeya. Wasa ya yi kusa da tashi, tazara kaɗan ce tsakaninmu da su, shi kuma yana tsaye ƙarƙashin kwando ba mai tsaronsa, yana ɗaga hannu. Wani gajeren yaro, jikan tsohon hedimastanmu, ya ƙi ba shi ƙwallo, ya jefa da kansa, ta daki allo ta dawo. Nawa ya tafi ya ci kwalar rigar yaron a gaban jama'a. Alƙalin wasa ya busa, nawa ya juya ya gaya wa alƙalin maganar da ba zan maimaita ba, ya yi wa ƙwallo shuri ta tsallake katanga, ya fice daga fili. Aka cinye mu. Muka hau mota muka dawo gida.

Washegari bayan la'asar majalisa ta cika har wasu na tsaye. Mutum biyu ne ke jan gardama a kullum: Hedimasta, da wani mai tsire da ke da tukuba kusa da shagona, wanda ba ya ƙaunar a taɓa yaron nawa.

Mai tsire ya ce, "Ku ji tsoron Allah. Wa yaj jefa muna rabin abin da munka ci jiya? In ba shi, da tun hutun rabin lokaci mun shiga mota."

Hedimasta ya ce, "Wa kuma yas sa anka cinye mu? Wasan ga na mutum biyar na. In mutum guda za shi yi, to a sallami huɗun su tahi ban ruwa."

"Ranka shi daɗe, jikanka ya ga mutum tsaye kamar hasumiya, yaƙ ƙi ba shi. Mi yaka nema? Suna?"

"Ko da ya yi kuskure, kwala ake ci? Kai in yaronka ya ƙona tsire, wuƙa kaka ɗauka?"

"Ni ban da yaron da ka ƙona nama. Kai ka da jikan da ka ƙona wasa."

Aka kwashe da dariya, amma Hedimasta bai yi ba. Wani ya ce yaron ba ya komawa tsaron gida in an ƙwace ƙwallo, tafiya yake yi kamar mai zuwa ɗaurin aure. Wani ya ce ai doki mai gudu ba a ɗora masa mangala. Ni ina kan keke ina ɗinki, kaina a ƙasa, kamar zancen ɗan wani gari ake yi.

Ana cikin haka koci ya iso, ya gaisa, ya tsaya bai zauna ba. Ya ce a wasan da za mu yi da Goronyo a filinmu, mutane za su zo daga Sakkwato su zaɓi yaran da za a sa a ƙungiyar jiha. Wanda aka ɗauka za a riƙe shi a birni, a ci gaba da karatunsa. Ya ce saboda labarin yaro ɗaya za su zo, kowa kuma ya san wane ne. Sai dai sauran yaran sun ce in aka sa shi ba tare da an hukunta shi ba, su ba za su shiga ba.

Ya juyo gare ni ya ce, "Baba, kai a uban ƙungiya. Kuma kai..." Bai ƙarasa ba.

Na san abin da ya dace. A kira shi, a yi masa faɗa, ya durƙusa ya ba jikan Hedimasta haƙuri a gaban abokansa, sannan ya yi wasansa. Kafin wannan, wani yaro ya taɓa zagin koci, ni na shiga tsakani har aka yafe masa. Da ɗan wani ne, da haka zan ce ba tare da na tsayar da keke ba. Amma idanun majalisa duk suna kaina, na ga kamar jira suke su ji ko tsoho zai buɗe baki ya roƙa wa ɗansa na fari alfarma.

Na ce, "A aje shi."

Mai tsire ya miƙe. "Alhaji! Ranar da mutanen Sakkwato za su zo?"

Da na tsaya nan, da da sauƙi. Sai na ji kamar ban nuna isasshiyar kunya ba, na ƙara da cewa, "Tsawo ba shi a wasa ba. In tsawo na, ga giginya can bakin fadama, ku zo in ɗinka mata riga."

Dariyar da aka yi ta fi ta farko. Kafin magariba maganar ta zaga gari, yara suna binsa a lungu suna kiran giginya.

Da dare yaron ya shigo gida ya wuce ɗakinsa. Da safe ya zo ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, na amsa ina kallon buta. Uwarsa ma ba ta da bakin roƙa masa, ita kunyarta ta fi tawa. Sai da ta ajiye mini fura ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ɗan mutane na dai. Baffa amana yab ba mu. In yaj ji an mai da shi abin dariya a kasuwa, mi za mu ce mai?" Na ce mata mata ba su san sha'anin ƙungiya ba. Ta ɗauki faifanta ta fita.

Ranar wasa mutanen Goronyo suka zo mota biyu da ganguna. Tun daga ƙofa suke yi mana tsiya, wai a toshe hanci an shigo garin albasa. Namu suka ce ai gara albasa da ƙarnin kifin madatsa. Aka jera mana kujeru a inuwar bishiyar dogon yaro, mu dattawa da baƙi biyu daga Sakkwato. A ɗaya gefen filin, daidai inda nake fuskanta, nawa yana zaune a ƙarshen benci da rigar da na ɗinka, gwiwoyinsa sun kusa kai haɓarsa.

Tun daga farko suka fi mu. Suna da wani ƙato baƙi da ke tsayawa ƙarƙashin kwando, duk ƙwallon da ta dawo daga allo tasa ce. Yaranmu suna ta gudu, suna jefawa cikin gaggawa, tana zamewa. Ganga tana ta tashi. Sai samarinmu suka fara kiran laƙabin da suke yi wa nawa, da farko daga wani lungu, can fili duka ya ɗauka. Ɗaya daga cikin baƙin ya duba benci, ya duba agogonsa. Yaron kuwa bai motsa ba, bai kalli wasan ba ma. Ni yake kallo.

Hedimasta na kusa da ni, yana ta murza hularsa a gwiwa. Da ƙaton nan ya ture jikansa ya faɗi warwas, ya sunkuyo ya ce mini a hankali, "Alhaji, horo ya yi. A sa shi hakanan."

Aka busa hutun rabin lokaci. Na ga yaran sun kewaye shi, har jikan Hedimasta ya miƙa masa hannu, ya karɓa. Koci ya yi masa magana, ya girgiza kai. Koci ya sake yi, ya sake girgizawa. Sai koci ya ratso fili ya zo ya tsuguna a gabana, gumi na ɗiga daga gemunsa.

"Baba, yara sun yarda. Shi na yaƙ ƙi."

"Don mi?"

"Ya ce wanda yac ce a aje shi, shi za shi ce shi tashi."

Waɗanda ke kusa suka ji, suka gaya wa na bayansu. Hayaniya ta fara kwanciya, har masu ganga suka sassauta don su ga abin da ake ciki. Faɗin fili ne kawai tsakanina da shi. In na ɗaga murya zai ji. In na taka, ba wata tafiya ba ce.

Na yafito mai tsire na ce, "Tahi ka ce ma wancan shi shiga."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. "Alhaji, ɗanka na fa. Kira shi. Wallahi ba wanda za shi ga laifinka."

"Na ce ka tahi."

Ya tafi da gudu-gudu, ya dafa kafaɗarsa, ya nuno ni da hannu. Yaron ya saurare shi har ya gama, bai ɗauke idonsa daga kaina ba, bai kuma tashi ba. Na dafa hannun kujera. Na rantse har na ɗaga jikina. Sai wani dattijo daga Goronyo da ke zaune a bayana ya taɓo ni ya ce, "Alhaji, wai ɗan wa na wanga mai taurin kai?"

Na koma na zauna. Na ce, "Ɗan wani yayana na, can Kwargaba."

Aka busa usur, yara biyar suka koma fili ba shi.

Ban san yadda sauran wasan ya gudana ba. Na dai san mai tsire bai dawo gefenmu ba, can ya tsaya ya harɗe hannuwa. Ana kusa da tashi yaron ya miƙe, jama'a suka yi ihu suna zaton shiga zai yi. Ya tuɓe rigar, ya ninke ta, ya ajiye a kan benci. Hanyar fita ta gabanmu take. Da ya zo daidai kujerunmu ya rusuna ya ce, "A gafarce mu," kamar yadda aka koya masa, ya wuce.

Baƙin suka ɗauki ƙaton Goronyo da wani yaro nasu. Koci ya bi su har mota yana ba su labarin abin da nawa ke iya yi. Babbansu ya ce ya yarda, amma ba sa ɗaukar wanda ba su gani da idonsu ba, kuma mai irin wannan zuciya sai an yi tunani. Ya ce in Allah ya kai mu baɗi za su sake zagayowa.

A majalisa aka rabu biyu a kaina. Wasu suka ce na nuna dattako, ban fifita nawa ba. Hedimasta ya ce yaron ne ya yi wa kansa, wa ya taɓa jin ɗa ya kafa wa uba sharaɗi a bainar jama'a? Akwai gaskiya a maganarsa, na kuma fake da ita na daɗe. Mai tsire dai ya ɗauke tukubarsa ya koma bakin tasha.

Yaron bai sake taka filin ba. Ya gama makaranta ya kama lambun albasa a fadama. Da shekara ta zagayo aka ce baƙin za su dawo, koci ya je ya same shi, yaron ya ce yana da ban ruwa. Koci ya zo shago ya ce mini, "Baba, saura kai. Wannan karon ba jama'a, ba ganga. Daga kai sai shi."

Na rufe shago da hantsi na gangara fadama. Na same shi cikin taɓo har ƙauri, yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya daga wannan fangali zuwa wancan. Da ya hango ni ya fito, ya wanke hannu, ya durƙusa. Na tsara maganata tun daga gida, na maimaita ta a hanya. Muka gaisa. Na dubi albasa na ce ta yi kyau, ya ce an gode Allah. Na tambaye shi ko injin yana shan mai da yawa, ya ce yana sha. Ya jira. Na ga yana jira. Injin yana ta ƙara, ruwa ya cika fangalin da ya bari har ya fara tsallake kunya.

Na ce, "Ruwanka za shi ɓalle."

Ya ce, "To, Baba," ya ɗauki fartanya ya koma.

Baƙin suka zo suka tafi. A zuwansu na gaba, shekarunsa sun wuce na waɗanda ake ɗauka.