Motar Sallama a Ƙofar Gidan Kunyalan

Kunyalan direba ba mutumin da za a ba ajiyar magana ba ne. Kowa a garin Kottupara ya san haka, har uwar da ta haife shi. Tun yana kwandasta a bas ɗin Manjeri yake kwaso labarin wannan tasha ya juye a waccan, kyauta, har da gyara. Ya yi ’yan shekaru a Jidda yana tuƙa tankar ruwa, ya dawo da ciwon baya da agogon hannu da abin da ya isa rufin gida. Matarsa Nabisu mace ce mai ƙwazon aiki da gajeren haƙuri. Ɗansu ɗaya, Naushad, gemu na tsiro masa aka tura shi Sharja yana jera kaya a kantin wani Balarabe, kamar ’ya’yan kowa.

Da gashin Kunyalan ya fara fari sai ƙungiyar jinyar gida ta samu mota. Su ne masu bin gidajen waɗanda asibiti ya sallama, ya ce a koma gida a yi ta addu’a. Suna wanke gyambo, su canja robar fitsari, su ba da maganin da ke kwantar da raɗaɗi. Motar fara ce da rubutu kore ɓaro-ɓaro a jikinta, ko makaho ya ji tsayuwarta ya san ta. Mutane suka sa mata suna motar sallama. Duk ƙofar da ta tsaya, kafin injin ya huce maƙwabta sun gama raba gadon gidan a bakinsu.

Babu direban da ya so aikin sai Kunyalan. Sista Girija, ma’aikaciyar jinyar da ke shiga gidajen, ta dube shi sama da ƙasa, ta kira shi Ikka, wato yaya.

“Ikka, an ce bakinka ba shi da marfi.”

“Sharri ne, Sista. Wa ya gaya miki? Na san Bapputty mai shayi ne, shi da matarsa ta...”

“Ka gani ko? Saurara. Abin da ka gani a gidan mutane, da abin da ka ji a motar nan, na mai ciwon ne. Ba naka ba ne, ba nawa ba ne. Ran da na ji shi a teburin shayi, ran nan za ka ajiye makulli.”

Ya sha wuya a farkon. Magana ta riƙa taruwa masa a ciki kamar kumburin wake. Sai ya koma tauna ganye da goro daga safe har yamma, don bakin ya samu abin yi. A hankali masu shayi suka gaji da tsokanarsa, suka ce aikin gawa ya cinye masa harshe.

Ana nan sai Moidu, ladanin masallacin Juma’a, ya tare shi a bayan masallaci bayan azahar. Tsoho ne siriri, muryarsa ta fi jikinsa girma, kuma tun kafin a kawo lasifika shi ke kiran salla a garin. Ya ce likitocin birnin Kozhikode sun ga ciwon daji a mafitsararsa, sun sa masa roba, jakar fitsari na ɗaure a cinyarsa ƙarƙashin zane. Ana bukatar Sista ta riƙa zuwa tana dubawa.

“Amma kada motar nan ta tsaya a ƙofata, Kunyalan. Na tambayi malamai a birni, sun ce lalura ce, kiran sallata ya halatta. To ’yan kwamitin masallaci ba malamai ba ne, ’yan kasuwa ne. Suna jin kalmar fitsari za su karɓe lasifikar. Ɗan ƙanwar Haji, shugaban kwamitin, ya gama karatu, yana zaune yana jiran in yi tari.”

Dabarar ta Kunyalan ce, kuma ya ji daɗin kansa da ya ƙirƙiro ta. Bayan gidansa akwai ’yar hanya da ta ratsa gonar itatuwan roba ta gangara bakin rafi, inda gidaje suka fi goma, har da na ladan. Duk Talata sai ya tsayar da motar a ƙofar gidansa, Sista ta shiga ta gaba da jakarta, ta fita ta ƙofar madafa. Wa zai yi mamakin motar direba a ƙofar direba?

Kowa, ashe. Mota mai tsayawa cin abinci daban, mota da Sista ke fita daga cikinta da jakar magani ta daɗe a ciki daban. Ba a yi wata ba mata suka fara zuwa da lemo a leda da gwangwanin madara. Su zauna a gefen tabarma suna kallon Nabisu da idon tausayi, suna kiranta Itta, wato babbar yaya.

“Itta, kin rame.”

“Ban rame ba, ke ce idonki ya ƙanƙance.”

“Allah sarki, haka suke cewa. Ki daina ɗaukar tulun nan.”

Nabisu ta rantse, ta yi zagi, ta daka shinkafa a gabansu har turmi na tsalle. Suka ce ƙarfin hali ne irin na masu wannan ciwo. Ta tsare mijinta ya gaya mata gidan wa ake zuwa, ya tofar da jan yawu ya ce shi direba ne. Ta taɓa bin bayan Sista cikin gonar robar. Sista ta juyo ta tsaya da lemarta tana kallonta, har Nabisu ta ji kunya ta koma. Ta yi ta canke-canke, amma ladan bai taɓa zuwa mata a rai ba. Mutumin da ake ji sau biyar a rana yana girgiza kwanon rufi, wa zai ce yana mutuwa?

Lemo dai an sha. Abin da Kunyalan bai lissafa ba shi ne Sharja. Ɗakin da Naushad ke kwana cike yake da samarin Kottupara, kowa da uwarsa mai bugo waya. Ran Juma’a wayar gidan ta yi ƙara. Naushad ne, yana kiran ubansa Uppa kamar yadda ya saba.

“Uppa, me ke damun Umma?”

“Bakinta, kamar kullum. Lafiyarta lau, ɗana.”

“Haka aka ce wa Sakir. Lafiya lau, lafiya lau, har aka binne babansa yana can yana goge gilashi. Haka kuka ce wa ɗan Ayamu, kai da bakinka ka ce masa zazzaɓi ne.”

Gaskiya ne. A garin nan ba a gaya wa ɗan da ke aiki a ƙasashen Larabawa na Gulf ciwon iyayensa, don kada ya watsar da aiki ya taho. Kowa ya yi wannan ƙaryar, kowa ya san ana yi. Yanzu ga Kunyalan da gaskiya tsirara a hannu, babu mai saye.

Nabisu ta fizge wayar. “Kai, jakin yaro, muryar mai mutuwa ce wannan?” Ta ce masa wani gida Sista ke zuwa ta bayan gidansu. Ya ce gidan wa. Ta ce wataƙila tsohuwa Kunyipattu, ko mijin Devaki, ko kuma mai gyaran keken nan. Naushad ya ce ko ƙaryar ma ba su haɗa baki a kanta ba.

“Uppa, suna ɗaya nake so. In akwai mai ciwon, yana da suna. In ba ka faɗa ba, na san Umma ce, kuma zan taho. Maigidana ya ce hutuna sai baɗi, in na tafi yanzu kada in dawo.”

Kunyalan ya je wurin Sista. Ta ce ita ba ta da iko, shi ma ba shi da. Mai maganar kaɗai zai iya sakinta. Ya gangara bakin rafi bayan la’asar. Ya tarar da ladan a kan benci yana shan ruwan shinkafa, ya zayyana masa komai: biza, bashin da aka ci aka tura yaron, aikin da ba a samun irinsa sau biyu.

“Shi kaɗai zan gaya wa, Moidu-ikka. Zan sa ya rantse.”

“A ɗakin nan nasu? Ƙanen matar Haji a gadon sama yake kwana. Kafin ka ajiye wayar an kira kwamiti.” Tsohon ya ajiye kwanon. “Ban yarda ba.”

“Yaron zai rasa abincinsa.”

“Yaro ne, zai samu wani. Ni wanne zan samu? Ciwon nawa ne ko naka, Kunyalan? Ban ce ka tsayar da mota a ƙofarka ba. Cewa na yi kada ka tsayar a tawa.”

Ba maganar waliyyi ba ce, amma babu ƙarya a ciki. Kunyalan ya hau gangaren yana riƙe da ƙugu. Da Juma’a ta zagayo wayar ta yi ƙara, ya ɗauka. Nabisu na tsaye a kansa da ludayi. Sunan yana bakinsa, gaɓa biyu ne kawai. Ya ce, “Uwarka lafiyarta lau. Iyakar abin da zan iya ce maka ke nan.” Yaron ya kashe wayar.

Naushad ya sauka da akwati ɗaya da bargo sabo na majinyaciya. Ya tarar da uwarsa a tsakar gida tana fasa kwakwa da adda, sara ɗaya kwakwa biyu. Ta gan shi, ta jefar da addar ta rungume shi, sannan ta kai masa duka a kafaɗa. Ya ja ta har Kozhikode aka yi mata gwaji kala-kala, likita ya ce jininta ya fi nasa kyau. Matan gari suka ce addu’a ce ta ci, wasu har suna zuwa tambayar wane malami ta gani. Balaraben kanti ya cika alkawarinsa, ya sa wani a gurbin.

Ladan ya yi kiran salla duk azumin shekarar, da na sallar layya, muryar tana sirancewa amma ba ta karye ba. Damina na shigowa ya kwanta, ya rasu a cikin mako. Masu wankan gawa suka ga robar, kuma masu wankan gawa na garin nan ba su taɓa aiki da Sista Girija ba. Kafin a dawo daga maƙabarta labari ya gama gari. Haji ya ce da sun sani ai da sun bar shi ya ci gaba, wa zai hana mara lafiya lada? Babu wanda ya yarda da shi, babu kuma wanda ya ƙaryata shi a fili.

Ran nan Naushad ya samu ubansa yana wanke motar.

“Shi ne ko?”

“Wa?”

“Uppa, mutumin yana cikin ƙasa. Yara ma sun sani.”

“To ka tambayi yaran.”

“Saboda lasifika ka ba da aikina.”

Kunyalan ya matse tsumman, ya koma ɗaya gefen motar.

Ya ci gaba da tuƙa motar sallama har idonsa ya yi hazo suka karɓi makullin da godiya da kyautar laima. Naushad bai sake samun biza ba. Keke mai ƙafa uku yake ja tsakanin kasuwa da tasha, ya yi aure, ya yi tumbi. Gida ɗaya suke da uban, kwano ɗaya ma wani lokacin, hirarsu ba ta wuce tsadar mai da ko za a yi ruwa. Ba sa faɗa. Nabisu kuwa in mata suka tambaye ta ko mijinta ya kyauta a wancan lamarin, sai ta ce ya kyauta wa ladan.