Ɗinkin Da Na Yi Wa Ƴata

Ni badukiya ce a tsohon garin Agadas, daga hannun uwata na gaji lallausar fata da zare. A lokacin ina da taurin kai, kuma idona ba ya ƙaunar karkataccen abu. Ko jakar da na kwana uku a kanta, in ta karkace sai na farke ta. Mijina direban babbar mota ne a hanyar Kawar, yakan yi wata biyu bai ga gida ba.

Ƴata ta fari tana da wata biyu yayar mijina, wadda ungozoma ce a gidan likita, ta zo ta same ni ina yi mata wanka. Ta karɓe ta, ta buɗa cinyoyinta, ta ce ta ji wani ƙas a ƙugun hagu, a kai ta a duba. Wallahi nan take zuciyata ta ba ni wani abu. Matar da ba ta so aurenmu ba, yau ita ce mai tausayin ƴata? Na ce a raina so take a ce na haifa musu gurguwa. Da muka je, lokotoro, wato likita, ya ce kan ƙashin cinya bai zauna cikin gurbinsa ba. Sai na lura da yadda shi da yayar mijina suke hira da Faransanci suna dariya, na ce shi ke nan, bakinsu ɗaya.

Suka ɗaura mata wasu maɗaurai daga kafaɗa zuwa ƙafa, gwiwoyi a tanƙwashe, cinyoyi a wage kamar kwaɗo. Lokotoro ya ce kada in taɓa, haka ƙashin zai koma wurinsa. Ni kuwa na ce yaushe aka taɓa gyara ƙafa da karkatarwa? Ina isa gida na ɗauko basilla. Na farke maɗauran, na ƙara musu tsawo, na ɗinke yadda ƙafafun za su miƙe sambal. Ranar randebu, wato ranar komawa gidan likita, in mayar da su yadda suke. Aikin hannuna ne, ko yayar mijina da take zare ido ba ta gane ba. Har daɗi nake ji na fi su wayo.

Wata huɗu ina haka. Da aka yi radiyo, wato hoton ƙashi, lokotoro ya daɗe yana kallon hoton, ya tambaye ni ko ana cire mata. Na rantse ba a taɓa cirewa ba, kuma gaskiya ce, ban cire ba. Ya ce lokacin maɗaurai ya wuce, sai an je Yamai an yi mata aiki. Yayar mijina ce ta bar aikinta ta raka mu. Ita ta riƙe ni sa'ad da aka fito da yarinyar daga ɗakin aiki, an ɗaure ta da plâtre, filastar ɗorin ƙashi, tun daga ƙirji har idon sawu. A nan na faɗa mata komai. Ba ta zage ni ba, kuka kawai ta yi, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ƴan'uwana mata, in aka ce ga ciwo jikin ɗanku, ku bar tambayar wa ya faɗa, ku tambayi mene ne. Abin da ba ku gane ba ku sa a sake yi muku bayani da Hausa, kada ku je gida ku gyara. Ƴata yanzu shekararta shida, tana tafiya, amma tana ɗingishi. Ni nake ɗinka mata takalmi, na hagu in ƙara masa fata biyu. Jiya ta tambaye ni me ya sa nata ba su taɓa yin daidai ba, alhali na kowa ina yin su daidai.