Hoton Baba a Gaban Tsohon Rumbu

Ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, tsakanin Bakori da Malumfashi, lokacin da wata ƙungiyar agaji ta turo mutum biyu, Bature da wani ɗan birni abokin aikinsa, wanda shi ma ba ya jin Hausa sosai. Ba a daɗe da fita daga babban fari ba. Rijiya suka ce za su haƙa mana, amma sai sun ɗauki hotuna sun kai ƙasar Baturen, a haska wa jama'a a majigi, wanda tausayi ya kama ya ba da taimako. Da yake ina jin Turanci, ni aka sa tafinta, ni kuwa da rawar kai na ja su har gidanmu.

Baba manomi ne na gasken gaske. Ko a farin nan bai sayi ƙwayar hatsi ba. Rumbunansa uku cike suke da dawa, sai dai a wajenmu manomi ba ya buɗe rumbu a gaban baƙo, ba ya kuma faɗin abin da ke ciki. Da ya ji za a yi hoto, ya shiga ɗaki ya saka babbar rigarsa ta zuwa coci. Ɗan birnin ya ce a'a, Baba, kayan zuwa gona ake so. Ya koma ya fito da tsumman da yake huɗa da shi. Suka wuce rumbunan nan uku, suka tsayar da shi gaban wani tsohon rumbu da ruwa ya zubar da gefensa, wanda kaji ke ƙwai a ciki. Suka ce kada ya yi dariya. Ni da bakina na fassara masa wannan, har yau abin yana ci mini rai.

Bayan kaka suka dawo da janareta da majigi da rikoda, wai mu ga abin da aka nuna a can. Da la'asar aka toshe tagogin coci da zannuwa, wuri ya cika maƙil, har maƙwabtanmu Musulmi sun leƙo. Sai ga Baba a jikin bango, ya fi ƙofa tsawo, cikin tsumma, ga rumbu wayam. Muryar kaset ta ce wannan tsoho ba shi da abin da zai ba iyalinsa gobe. Baturen ya dube ni yana jiran fassara, na ƙi fassarawa. Amma ɗalibaina 'yan aji shida suna wurin, ni na koya musu Turancin, kafin a canja hoto magana ta zaga coci.

Da aka tashi na tare ɗan birnin. Na ce, "Malam, wannan ƙarya ce, kai ma ka sani."

Ya ce, "Malama, wa zai sa hannu a aljihu don mai rumbu uku? Kuna son rijiyar ko ba kwa so?"

Dubi rashin kunya. Rijiya kam muna so, amma wa ya ce su haƙa ta da mutuncin ubana?

Washegari da hantsi wata tsohuwa da mijinta ya rasu, wadda Baba ke aika wa dami duk damina, ta yi sallama da ƙwarya rufe da faifai. Dawa ce, ba ta kai mudu biyu ba. Ta durƙusa ta ce, "Ashe abincin 'ya'yanka kake ba ni, ba ka taɓa faɗa ba."

In ya mayar mata, ya kunyata ta. Baba ya sa hannu biyu ya karɓa, ya ce Allah ya saka da alheri.